Shafin Malam Habu Da Amininsa Ya Goge

Shekara shida ke nan cif da rasuwar mijina, Malam Habu, amma har yau idan aka idar da sallar asuba nakan kasa kunne ko zan ji ya jawo kujerarsa.

Malamin firamare ne a nan Haɗejiya. Kullum kafin ya tafi makaranta sai ya cika shafi guda a littafinsa, ya karanta mini ina dama koko. Duk jimlar da na ce ban gane ba, soke ta yake yi. Daga nan sai ya buga a waya, ya ɗora a shafinsa na intanet. Ba ya rubuta abin da bai gani da idonsa ba. Ran Asabar yakan hau babur ya bi bakin kogi, ya duba inda ciyawar kachala ta toshe hanyar ruwa, ya zauna da masunta da manoman shinkafa.

A damunarsa ta ƙarshe ya dage a kan wata jinga da wani ɗan kwangila ya yi ta wajen Miga don tare ambaliya. Ya je ya gani, ya rubuta cewa yashi kawai aka tara. Ciwon hanta ya ɗauke shi tun kogi bai cika ba.

Ranar sadakar bakwai, Sabo, amininsa tun na ƙuruciya, ya shigo yana share hawaye.

"Maman Fati, ara mini wayar Malam in sanar da masu karanta shi, su sa shi a addu'a."

Na miƙa masa. Ina cikin takaba jingar ta ɓalle, ruwa ya shanye gonakin mutane. Da manoma suka nemi rubutun Malam don kafa hujja, sai aka tarar an goge shafin ƙaf. Ba a daɗe ba Sabo ya zama mai magana da yawun ɗan kwangilar.

Abin da ya manta shi ne littattafan suna cikin adakata. Na koyi bugu a waya da yatsa ɗaya, na buɗe sabon shafi, kullum da safe nake ɗora rubutun Malam guda, da kwanan watansa, a ƙasa kuma in rubuta sunan wanda ya goge shi.

Nakan tambayi kaina me Malam zai ce da ya ga yau, da kowa ke rubutu daga kan katifa bai taka ko'ina ba. Na san zai yi takaici. Na kuma san da zai ga layin nan da nake ƙarawa, zai soke shi, ya ce in bar Sabo da Allah. Shi mai haƙuri ne, ni kuwa ban gaje shi a nan ba.

Watan jiya Sabo ya zo. Takarar kansila yake nema, kuma duk ƙauyen da ya shiga sai an karanta masa rubutun Malam a gaban jama'a.

"Maman Fati, ki dubi Allah ki yafe mini. Ko zuwa bayan zaɓe ne ki dakata."

Na ce, "Fara zuwa wajen waɗanda ruwa ya ci shinkafarsu. In sun yafe, ka dawo ka ji tawa amsar."

Bai dawo ba.

Malam bai bar mana gona ko shago ba. Ya bar gaskiyar da ya gani da idonsa, rubuce da hannunsa, kuma an yi ƙoƙarin binne ta tare da shi an kasa. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa. Shi kuwa Sabo, ina roƙa masa tsawon rai da lafiyar ido, domin akwai sauran littattafai goma sha ɗaya da ban buɗe ba.