Kunyar Ɗan Fari a Hanyar Legas

Yaron yana da wata huɗu da 'yan kwanaki muka yi tafiyar. Na ce "yaron" ne don haka nake ce masa a lokacin, kuma har yau bakina bai gama sakewa ba. Shi ne na fari, an kuma mayar masa da sunan marigayi mahaifin mijina, sai nauyin ya zamar mini biyu. A gidanmu na Kusfa, inda muke zaune da Hajiya, surukata, ba na ɗaukarsa a tsakar gida in tana nan. Ita ke goyonsa, ita ke masa rawa tana ce masa maigidana. In ya yi kuka sai ta miƙo mini shi ta labule, in shayar da shi a ɗaki, in mayar mata. Ba wanda ya tilasta ni. Haka na ga yayyena sun yi, kuma ina jin, ko da yake ba zan rantse ba, har daɗin yabon nake ji, in aka ce ta yi jami'a amma ba ta zubar da kunya ba.

Ƙanin mijina da ke aiki a Legas ne ya matsa mu je masa dogon hutu. Mijina malamin makaranta ne, yana da hutun, yana da tsohuwar motarsa. Hajiya kuma ta ce ba za a bar ta ba, ta shekara biyu ba ta ga autanta ba, kuma tana so ta ga tekun nan da ake faɗa kafin ta mutu.

Na shirya iyakar shiri. Na rubuta duk abin da za mu buƙata a takarda, na sake kwafewa. Na koma asibitin da nake kai shi awo na tambaya ko tafiyar kwana biyu a mota za ta cutar da shi. Ma'aikaciyar ta ce ba komai, in dai ina ba shi nono a kai a kai, ina kuma duba kunzugunsa. In ya daɗe bai jiƙa ba, to ruwan jikinsa ne ke ƙarewa. Na rubuta wannan ma. Abin da ban lissafa ba shi ne a mota babu ɗaki, babu labule.

Mun fita bayan sallar asuba, ana yayyafi. Na buɗe wa Hajiya gaba, ta ƙi.

"In zauna can in bar maigidana da wa? Kawo shi nan."

Muka zauna baya ni da ita, yana kan cinyarta cikin rigar sanyi da hula da tawul. Motar na soma tafiya ya yi barci. Muka wuce Kaduna yana barci. A gida kukansa ne ke raba mu da magana, shi ke sa ta miƙo shi ba tare da na roƙa ba. A mota kuwa jijjigar ta hana shi kukan. Ƙirjina ya cika har yana zafi, ina duba agogon waya, ina shirya yadda zan faɗa. Hajiya, ko za a ba shi? Hajiya, kamar lokaci ya yi. Kowace na gwada a zuciyata sai in ji ta yi kama da ina cewa ba ni ɗana.

Sai da muka tsaya sallar azahar bayan Abuja na samu na karɓe shi, a bayan wani masallaci, na lulluɓe shi da hijabi. Ya ɗan sha ya koma barci. Mijina yana ta latsa hon don hanyar Lokoja ba a son a yi yamma a kanta. Na mayar wa Hajiya da yaron.

A masaukin Lokoja ɗaki ɗaya muka kwana da Hajiya. Na shayar da shi, amma a gaggauce, na juya mata baya kamar mai sata. Kashegari ma haka. Garin ya yi ɗumi, gumi na tsatstsafo masa a wuya, na so in ce a cire masa hular, ban ce ba. Kunzugun da na canza masa a wajen Ibadan kusan a bushe yake. Na gani. Wannan ne abin da har yanzu nake kasa yafe wa kaina: na gani, na san ma'anarsa, sai na ce wa kaina wataƙila don yana barci ne.

Gidan ƙanin mijina ɗaki biyu ne da falo, kuma 'yan uwan matarsa sun cika shi don zuwa gaida Hajiya. Yaron ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, ana yaba haƙurinsa.

"Wannan ai malami ne, ko kuka ba ya yi."

Rana ta biyu da isarmu aka kai mu bakin teku. Ban san yadda zan kwatanta shi ba. Ruwa ne toka-toka da ba a ganin ƙarshensa, yana tasowa yana faɗuwa da ƙara kamar ana sauke kaya daga babbar mota. Hajiya ta tsaya tana ta salati. Ƙanin mijina ya ce ta zo ta taɓa, ta ce shi dai ya taɓa, ita ba ta yi sallama da mutanen gida ba. Daga baya ta yarda. Ta miƙo mini yaron don ta tattare zanenta.

A nan, cikin hasken fili, na dube shi sosai. Leɓunansa sun bushe sun yi fari. Na zame hular, na ga maɗigarsa ta faɗa ciki. Ya buɗe baki yana kuka, amma muryar ba ta fita sosai, kuma babu hawaye.

Ban san na ɗaga murya ba sai da na ga duk sun juyo.

"Ɗana ba shi da lafiya! Ku zo, ɗana!"

Na zauna a kan yashi a gaban Hajiya da ƙanin mijina da matarsa, na ɗaga hijabi na ba shi. Ya kama, ya saki. Na sake ba shi, ya saki. Mijina ya ce bari mu ga zuwa anjima, ƙila iskar ce. Na ce masa ya kawo mota yanzu. Ban taɓa yi masa magana da wannan muryar ba, balle a gaban mahaifiyarsa.

A wani ƙaramin asibiti da ke kusa, wata nas ta tambaya da Turanci wace ce uwar, don Hajiya ta riga ta sake karɓarsa a mota. Na ce ni ce. Ta tambaye ni sau nawa ya sha nono tun jiya. Na faɗa mata gaskiya. Ta dube ni, ta tambaya ko nonon ne babu. Na ce akwai. Ba ta ƙara tambaya ba, ni ma ban yi ƙoƙarin yi mata bayani ba, don ban san ta inda zan fara ba. Suka daɗe suna neman jijiya a ɗan hannunsa kafin su sa masa ruwa.

Muna zaune a bakin gadon, ni da Hajiya, har bayan la'asar. Ƙafarta duk yashi. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Ke kuwa 'yar nan, me ya hana ki magana?"

Ta ci gaba da cewa:

"Ni fa na zaci ku 'yan boko da agogo kuke bayarwa. Ina ganin ki kina ta duba waya, na ce to lokacin ne bai yi ba. Ina gudun in ce ki ba shi, ki ce tsohuwa tana miki katsalandan."

Na ce, "Ki yi haƙuri, Hajiya."

"Haƙurin me? Shi za ki ba haƙuri."

Kwana biyu ya yi aka sallame mu. Ya warware, alhamdu lillahi, ranar da muka fito har yana cusa ƙafa a baki. Ba mu koma bakin tekun ba, ba wanda ma ya kawo zancen. Sauran kwanakin a ɗaki na yi su da shi, in na fito falo kuma yana hannuna. Hajiya ba ta ce in kawo shi ba, ni ma ban miƙa ba. Tana masa wasa daga inda take zaune, amma ta rage.

Na sha juya abin a raina. Wani lokaci in ce al'adar ce, wani lokaci in ce a'a, mata nawa suka yi kunyar nan 'ya'yansu ba su kwanta asibiti ba. Mai yiwuwa ni ce na ɗauke ta kamar jarrabawa, ina neman in cinye duka.

Ranar komawa, mijina na ɗaure kaya, Hajiya ta fito ta buɗe ƙofar gaba da kanta ta shiga. Ta ce gwiwarta ce ke damunta, baya ya yi mata ƙunci. Daga Legas har Ƙofar Doka, mashigar garinmu, ina shayar da shi duk lokacin da ya motsa, ita kuma ba ta waiwayo ba ko sau ɗaya. Ko sarari ta ba ni, ko fushi ta yi, ban sani ba, kuma ban iya tambayarta ba.