Sista Turai da Ɗan Tabon Cibiya

Kafin ƙarfe bakwai na safe Sista Turai ta riga ta buɗe ɗakin wankin ciwo, ta dafa almakasanta, ta bi gadaje tana gaida kowa da sunansa. Haka take yi shekara talatin da biyar a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Safana. A watan jiya ta yi ritaya. Ba taro, ba jawabi, ko takardar yabo ba wanda ya miƙa mata. Wannan abu ya ci mini rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Bara aka cire wa ƙanwata Nazifa, mai aure a Karare, matsarmama saboda tsakuwa. A wani asibiti a birni aka yi aikin, irin na zamani, ta huda guda ɗaya a cibiya. Kashegari aka sallame ta. Mijinta Surajo sai murna yake, yana cewa ko ɗinki ba a gani. Babu wanda ya zaunar da su ya ce in kun ga kaza, ku dawo da gudu.

Kwana huɗu sai zazzaɓi, ciki ya ɗaure, idanu suka yi ɗorawa. A gida aka ce shawara ce, aka fara haɗa jiƙo. Na ɗauko ta a babur zuwa asibitin su Sista Turai, Surajo na biye da mu, don a canja mata filasta kawai.

Sista Turai ba ta tsaya kan filasta ba. Ta ɗora hannu a kan cikin, Nazifa ta ƙwalla ƙara.

"Malam, yau ɗin nan za ta koma birni," in ji ta.

Surajo ya ce, "Haba Sista, ai ɗan ciwon ya kame."

"Ƙofar ce ƙarama, ɗana. Aikin da aka yi a ciki babba ne."

Ta kira likitan da ya yi aikin a waya, a gabanmu. Ya ce irin aikin nan ba ya ba da matsala, a ba ta maganin zazzaɓi. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ban raina aikinka ba. Amma ni ke taɓa cikin nan, kuma ga mu nan zuwa." Muka samo mota, ta shiga da kanta, tana riƙe da ledar ƙarin ruwa har birni. Aka duba, ashe ruwan matsarmama ne ke yoyo a ciki. Aka sake shiga da Nazifa ɗakin tiyata. Yau Nazifa na sussukar gero a Karare.

To, me aka saka wa Turai da shi? Takardar tuhuma, wai ta bar wurin aiki ba izini! Wanda ya sa hannu a takardar bai taɓa tambayar ko mai jinyar ta rayu ba.

Ke ce garkuwar mutanen ƙauye, Turai. Ba ki taɓa hana kowa aikin huda ɗaya ba, cewa kike yi a tambayi likita sau nawa ya yi shi, kuma me za a kula da shi bayan sallama. Mun gode, Allah Ya saka miki da Aljanna.

Ku kuma 'yan baya masu farin kaya, in aka kawo muku wanda aka yi wa aiki, ku duba idonsa, ku taɓa cikinsa. In hankalinku bai kwanta ba, ku faɗa da ƙarfi, ko da za a rubuto muku takarda.