Ƙasar Bayan Rumbu

Mai gidan da na kama haya a Anka ya fi tsoron ƙusa a kan ɓarawo. Ranar da ya miƙo mini makulli sai da ya shafa bango, ya ce, "Malama, ko kalanda ta, ki jingine ta ƙasa. Ban yarda a huda min gini ba." Na ce to. Ɗaki biyu ne a bene, da 'yar baranda wadda tabarma ɗaya ke cikawa.

Ni kuwa 'yar ƙauyen Duza ce, ban iya zama ba ganye a gabana ba. Na tara jarkokin man gyaɗa, na yanke su biyu, na huda gindinsu, tunda su dai nawa ne, na ɗaure su a ƙarfen baranda da igiyar roba. Na ɗebo ƙasa a bakin hanya na shuka yakuwa da alayyaho da tattasai. Suka fito a ƙanjame, ganyen duk ya yi rawaya.

A lokacin 'yata tana da shekara biyu, kuma ita kaɗai gare ni. Wanta a Duza muka binne shi, a shekarun da ake dakan dutsen zinare cikin gidaje, ƙura na sauka kan tuwo da tabarma, ba wanda ya san da gubar dalma a ciki. Da zazzaɓi ya fara, sai jijjiga, muka ce iska ce. Daga baya ma'aikata suka zo suka kankare ƙasar gidajenmu, suka zuba wata ja mai tsabta. Ko da aka haifi yarinyar nan ban yarda ta yi rarrafe a garin ba, shi ya sa na nemi koyarwa a Anka.

Inna, mahaifiyata, ta zo ganinmu, ta tsaya kan jarkokina ta yi dariya har da riƙe ciki. "Wagga ita a gonar? Ko akuya ta gane ta sai ta tausaya miki." Zuwanta na gaba sai ga ta da rabin buhun ƙasa, baƙa wuluk, mai laushi, ta gauraya ta da kashin shanun Fulanin da ke maƙwabtaka da ita. Na ɗauka daga fadama ta ɗebo. Ban tambaya ba, kuma har yau rashin tambayar nan na ci mini rai.

Yakuwa ta yi tsalle ta wuce ƙarfen baranda. Masu wucewa a ƙasa suna ɗaga kai, matar maƙwabcina, ma'aikaciyar jinya ce 'yar Kudu, ta riƙa hawowa roƙon alayyaho. Wata uku muna shan miya ina ta baza hanci.

Wata rana bayan la'asar Inna na tsintar shinkafa a baranda, na fito na tarar da 'yata a tsugune gindin jarka, bakinta baƙi ƙirin, hannunta cike da ƙasa. Na sa yatsa ina ƙwaƙulo mata, Inna ta ce, "Bar ta, wane yaro na bai ci ƙasa ba? Balle ƙasar gidan kakanninta."

Na ce, "Inna, ina kinka ɗebo ta?"

"Can bayan rumbu. Jar da sunka zuba muna ko ciyawa ba ta yi. Wurin nan kaɗai ba su kwashe ba, na ɗora mai tsohuwar ƙofa ba su gani ba." Ta faɗa da alfahari, irin na wadda ta ɓoye abin kirki. Sai ta dubi fuskata, ta dubi bakin yarinyar, tiren shinkafar ya karkace a cinyarta. A bayan rumbun nan ne turmin dakan dutse ya shekara biyu a kafe, kuma a nan ɗana yake wasa.

Ban yi mata faɗa ba. Washegari muka kai yarinyar aka ɗebi jininta. Aka ce akwai dalma, ba ta kai ta ba da magani ba, mu riƙa dawowa ana aunawa. Tana makaranta yanzu, lafiyarta ƙalau, amma ko atishawa ta yi sai na duba ko idonta ya juye.

Da muka dawo gida na kwance jarkokin zan kai bola. Inna ta tare ƙofa. "Yaran unguwa na wasa can," in ji ta. Ta juye su ɗaya bayan ɗaya cikin buhun da ta zo da shi, ta share barandar da tsumma jiƙaƙƙe har sau uku, ta ɗaure bakin buhun tamau. Ɗan kabu-kabu ya ce ta kawo ya ɗaure a baya, ta ƙi, ta ɗora shi kan cinyarta ta rungume.

Na ce, "Inna, ina za ki da shi?"

Ta ce, "Gida. Ƙasar nan ta ci min jika guda, ba ni barin ta garin mutane."