Nomau, Mai Huda wa Mota Hanci

Shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwar Nomau kafinta, mutumin Gabi da ya zauna Madarumfa har ƙarshen ransa. Ni dillalin motoci ne, kuma mota ce ta tuno mini da shi bana: wata tsohuwar kar, babbar motar fasinja, da ɗana Hamisu ya sayo daga Kwatano, gilasanta a liƙe ba sa buɗuwa, kilim ɗinta, na'urar sanyaya ciki, a mace.

Bayan yaƙin Turawa, da aka fara sayar da tsofaffin kamiyon soja, manyan motocin kaya, na tattara abin da na samu a cinikin gyaɗa na sayi ɗaya. Na kai wa Nomau ya gina mata jiki da bencina don jigilar mutane zuwa Maradi. Ya girme ni nesa. Azne ne, ba ya salla, yana kirana Malam don tsokana, ni ina ce masa Baba. Na ce ina son jiki rufaffe da kwano, irin na motocin da nake gani a Kano. Ya kalle ni ya ce, "Malam, mutane za ka ɗauka, ko gyaɗar za ka soya?"

Sai da aiki ya yi nisa ya gaya mini dalili, sau ɗaya tak, yana fiƙe katako bai ɗago kai ba. Wata bazara matarsa ta shiga kamiyo mai rufin tamfol da jaririnsu na fari a goye. An cika motar maƙil, an ɗaure tamfol saboda jar ƙasar hanya. Da suka isa Maradi ta kwance goyo, yaro ya riga ya tafi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, in ji Hausawa. Shi Nomau bai gudu daga mota ba, zama ya yi yana neman yadda za ta yi numfashi.

Rufi biyu ya yi wa tawa, kwano a sama, zana a ƙasa, da tazarar taƙi ɗaya tsakani don zafin kwano ya wuce ta baya. Ya huda baki a goshinta, saman kan direba, wanda ya kira hanci. A gefuna ya rataya asabari, muka jiƙa su da ruwan tabki. Tafiyar farko ta ba mu kunya. Jiƙaƙƙen asabari ya haɗu da jar ƙasa, fasinja suka sauka kamar an tsamo su daga kududdufi. Wata mai kifi ta riƙe mini riga tana cewa, "Ɗan nan, kuɗin mota na biya ko na rini?" Nomau bai yi musu ba. Ya bar na gefe a bushe, ya mayar da jiƙaƙƙen cikin hanci, can sama inda ƙasa ba ta kaiwa, da tulu ɗaure kusa don a riƙa yayyafawa.

Yana da wata ɗabi'a da ban ƙara ganinta wurin kowa ba. Ba ya miƙa mota sai ya zauna a kusurwar bencin baya, wurin da kowa ke ƙi, an cika ta da mutane, an je Maradi da tsakar rana an dawo. Jiki magayi. In ya sauko yana haki, sai a kwance aiki, ko mai mota na kuka.

Yau na kan tsaya a gareji ina kallon samari suna ɗura wa kilim iskar gas, suna sauya kwamfureso, suna cire makewayin mota su dasa kujeru har su toshe bututun da ke kai sanyi baya. Ban ce Nomau zai zagi na'urar ba. Mutum ne mai son sabon abu, da ya kwance ta ya ga cikinta. Amma na san tambayar da zai yi: in ta mutu tsakanin Ƙwanni da Dogondutsi, mutum saba'in a ciki, ta ina za su sha iska?

Shi ya sa na ce da Hamisu a gyara kilim, amma a yanke gilasai a sa tagogi masu buɗuwa. Mai sayen da ke jira ya ce mun ɓata wa mota kyau, ya tafi. Hamisu ya ce, "Baba, zamani riga ne." Na ce haka ne, amma ba a ɗinka riga babu wuya. Kar ɗin ta daɗe a tsaye kafin wani ya ɗauka a ƙasa da yadda muka so, kuma ban yi da-na-sani ba.

Da Nomau ya rasu, danginsa suka binne shi bisa al'adarsu, na tsaya daga nesa. Hisabinsa na bar wa Wanda ya halicce shi. Motocin da ya gina, gara da tsatsa sun cinye su, ko allo ɗaya ba a samu. Abin da na iya shaida kawai shi ne, duk shekarun da motocinsa suka yi suna bin wannan hanya, ban taɓa jin an kwance goyo an yi salati ba. Jariran sukan sauka tashar Maradi suna tsala kuka, iyayensu na jijjiga su. Yau wasunsu kakanni ne a Safo da Madarumfa, kuma ba ɗaya a cikinsu da ya san sunansa.