Man Shanun Surukata

Shekarun baya, ina amarya a Gusau, babu abin da ya dami surukata kamar ramata. Ni kuwa haka Allah ya yi ni, ko buhun dawa na cinye ba a gani. Ita kuma abin kunya ne a wurinta a ce matar ɗanta ta shekara a ɗaki wuyanta bai cika ba. Duk mako sai ta aiko daga Bungudu: kwalbar man shanu daga wurin ƙawarta Bafulatana, da soyayyen kitsen rago a kwano. In ta zo da kanta, ita ke malala min shi a tuwo.

"Ci, ɗiyata. So kike a ce ɗana na horon ki da yunwa?"

Ban taɓa gardama ba. Har a shinkafa da wake nake kwarara shi, ina cewa biyayya nake yi.

Shekara uku ana haka, ƙiba ba ta zo ba. Abin da ya zo wasu 'yan tabo ne rawaya a fatar idona. Don kwalliya kawai na je asibiti, sai likita ta sa aka auna jinina. Da sakamako ya fito, ta tambaye ni ko ciwon zuciya ya taɓa kashe wani a gidanmu. Na ce mata e. Mahaifina a gona ya yanke jiki, bai cika arba'in ba, kuma siriri ne kamar ni.

Likitar ta ce mai ba ya narkewa a jini, sai an ɗauke shi. Akwai wasu ƙwayoyi a jinin masu kai shi sassan jiki, in sun yi yawa su riƙa barin shi a bangon jijiya har hanya ta toshe. Akwai kuma masu kwasowa su mayar hanta. Na farkon ne suka yi min yawa ta gado, man shanu da kitse kuma suna ƙara su. Ta rubuta magani, ta ce in koma man gyaɗa kaɗan-kaɗan, da wake da ganye da kifi.

Shan magani mai sauƙi ne, faɗa wa Inna ne aiki. Maigidana ya ce uwarsa ce, amma ba da bakinsa ba. Wata biyu ina karɓar kwalba ina rabar wa maƙwabta, har ranar da Inna ta zo ta gane kwalbarta a hannun maƙwabciyata. Na zayyana mata komai ina kuka. Sai ta ce, "Ashe da hannuna nika tura ki inda babanki yat tafi."

Tun daga makon ta fara soya gyaɗar gonarta tana matse min mai da kanta, da tsufanta da ciwon kafaɗarta. A wani taron suna a Tsafe wata ta ce, "Har yau matar ɗan naki ba ta yi kumari ba?" Inna ko kallonta ba ta yi ba. "Ina ruwanki? Ramammiya mai numfashi nika so."

Ta riga mu gidan gaskiya yanzu. A wurinta na koyi cewa mai ƙaunarka da gaske ba ya jin kunyar sauya hanya a gaban mutane, kuma har yau in na tuna ta godiya ke cika min zuciya. 'Ya'yana duk na kai an auna su. Bana na cika arba'in da ɗaya, kuma da na idar da sallar asuba ranar, da sunanta na fara addu'a.