Rakiyar Malama Hajara

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, ni da wasu 'yan ƙungiyarmu biyu, a wata tsohuwar mota da direbanta ya rantse ba ta taɓa ba shi kunya ba. Kafin Kazaure kuwa ta ba shi, muka sauka maza suka tura. Kuɗin mota kada ma ku tambaya, sai da na ce wa ɗan kamasho ko har da abincin rana a ciki.

Ƙungiyarmu ta mata ma'aikata 'yan ƙasar Daura ce za ta yi bikin tunawa da kafuwarta, aka ɗora mana mu je Sandamu mu ɗauko tarihi daga bakin wadda ta kafa ta, Malama Hajara. A mota na sake cin karo da saƙon wata sabuwar ungozoma a zaurenmu na waya. An tura ta wani ƙauye gaba da Zango, mahaifinta ya ce ba za ta je ita kaɗai ba, in kuma ba ta kama aiki a makon ba, za a ba wata gurbin, ga shi ranar ce ta ƙarshe. Mai raka ta take nema. An jera mata "Allah ya ba da sa'a", ni ma na ƙara tawa, na ce a raina in mun gama da tarihi sai a duba.

Hanya ba laifi, gero ya yi kai hagu da dama, sai dai shingen masu kaki da ba ya ƙarewa. Da hantsi muka sauka Sandamu.

Innalillahi! Ashe Malama ta samu shanyewar ɓarin jiki tun bara, magana ta ɗauke. Matar da in ta yi tsawa a aji ake ji har bakin titi, ita ce zaune a tabarma tana binmu da ido. Na kunna waya zan ɗauki murya, kunya ta sa na kashe.

Ƙanwarta ce ta ba mu labarin, muna cin tuwon dawa da miyar kuka. Ta ce, "Ai 'ya'yan nan, ba da taro aka fara ba. Lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a, magidanta suka ƙara tsanani kan mace ta yi tafiya ba muharrami, mata suka yi ta ajiye aiki. Sai Yaya ta ce to ita za ta raka. Duk wadda aka tura ƙauye, malama ce ko nas, sai ta je ta durƙusa gaban uba ko miji, ta ɗauke ta, ta kai ta hannun uwargidan mai gari ta ce ga amana. Wadda aka raka, gobe ita ke raka wata. Ƙungiyar ke nan fa."

Na san haka, domin ni ma ita ta kai ni aikina na fari, tana riƙe da buta da tabarmata.

Da muka yi sallama sai Malama ta fara yunƙuri. Muka ce don Allah ta zauna, ta harare mu. Ta dafa bango, tana jan ƙafa, har zaure. A nan ta tsaya tana haki, ba ta koma ba sai da muka sha kwana. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Daga nan muka shiga Daura, muka sha fura mai kyau, muka duba ɗakin taron biki, muka ɓata lokaci wajen gardamar launin anko. A tasha 'yan kamasho na ta kiran "Zango! Zango! Saura mutum ɗaya!" Muka wuce su muka hau ta Kano.

Bayan magariba na iso gida a gajiye. Na buɗe waya don in ba da rahoto, sai ga sabon saƙon yarinyar nan. Ta ce ta gode da addu'o'i, Baba ya ce ta haƙura, an riga an ba wata. A ƙasa an fara jera mata "Allah ya sa haka ne mafi alheri".

Abin da tafiyar ta koya mini ke nan, kuma da ɗaci. Mun yi doguwar hanya neman tarihin ƙungiya, alhali tarihin yana cikin wayata tun asuba yana roƙon a raka shi Zango. Mai ƙafa ɗaya ta raka mu har zaure, mu uku masu ƙafafu lafiyayyu muka dawo da samfurin anko.