Hannayen Frau Poldi

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aiki a gidan tarihin unguwarmu a Vienna, kuma ban taɓa ganin Alhamis ɗin da Frau Poldi Hrdlicka, wato Uwargida Poldi, ba ta zo ba. Abu ɗaya take zuwa gani, akwatin gilashin da muka ajiye hannayen Mira Falkner, tauraruwar fim ta zamanin iyayenmu. Siffarsu ce aka zuba da farar ƙasa tun 1936. Poldi takan tsaya minti biyar, ta gyara safar hannunta, ta fita ko sallama babu.

Kowa ya san ta, don shekara arba'in ta yi tana sayar da taba da jarida a bakin kasuwa. Gimbiya ake ce mata, kuma ba yabo ba ne. Tsofaffin unguwa sun ce tun tana amarya mijinta Ferdl ke wanke-wanke da wanki, har ɗansu Karli shi ke yi masa wanka, ita tana zaune da safar hannu ko ana zafi kamar a mutu. Ni ma, in faɗi gaskiya, mai girman kai na ɗauke ta.

A 1995 aka yanke shawarar kafa allon tunawa a gidan da aka haifi Mira, aka ɗora mini tantance kowace kalma da za a rubuta. Na sha wuya. Kamfanin fim ya ce an haife ta a 1912, littafin coci ya ce 1907. Kamfanin ya ce ubanta hafsan soja ne, ashe mai gyaran agogo ne. Wannan duk bai dame ni ba, ƙaryar 'yan fim ce da aka saba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne inda aka rubuta "mai ƙirƙira". An daɗe ana cewa ita ta ƙirƙiro wani ɗan murfin ƙarfe da ke faɗowa ya datse wuta idan fim ya kama a cikin na'ura, don fim ɗin wancan lokaci ci yake kamar fetur. Amma takardar mallakar ƙirƙirar sunan mijinta ke kai, Injiniya Falkner.

Shugaban kwamitin allon, Dokta Nemecek mai tabarau, ya ce a goge kalmar. A cewarsa, mu a garin nan matar likita da Frau Dokta ake kiran ta, matar injiniya kuma Frau Injiniya, shi ne mutane suka ɗora mata aikin mijinta. Ya ja ni gaban gilashin ya nuna.

"Dubi hannayen nan da kyau, Frau Gerlinde. Kin ga alamar sun taɓa riƙe ko ƙusa?"

Ga shi kuma washegari za a kai rubutun wurin mai sassaƙa. Sai da ya tafi na lura ranar Alhamis ce, Poldi tana tsaye a bayanmu.

"'Yar nan, da gaske goge shi za su yi?"

Na ce haka dai alama ta nuna.

"To, ki ce wa mai tabarau ɗin nan ba hannunta ba ne."

Ta zare safar hagu, ta ɗora hannunta a kan gilashin. Ƙaramin yatsan a lanƙwashe yake ciki, ƙofa ce ta datse shi tana 'yar shekara shida. Na dubi na cikin akwatin, na dubi nata, iri ɗaya ne sak. Ni da kaina na rubuta a ɗan littafin da muke sayar wa baƙi cewa wannan yatsan shi ne alamar kyawun Mira. Na roƙe ta ta ba ni labarin.

Ta ce tana shekara sha tara, tana aiki a shagon safar hannu, wani ma'aikacin kamfanin fim ɗin ya gan ta. Daga nan duk inda kyamara ta matso kusa, ana zuba shayi, ana buɗe wasiƙa, ana cire zobe, hannun Poldi ne. Suka sa ta sa hannu a takarda: ba ruwan zafi, ba allura, ba wuƙa, ba kuma faɗa wa kowa. Shekara takwas ta yi a haka. Da aikin ya ƙare ma ba ta cire safar ba, tana tsoron wani ya gane yatsan.

Na tambaye ta me ya sami hannayen Mira. Ta ce a ƙone suke, faratai biyu ma babu. A ɗakin baya na gidanta Mira take cinna wa guntayen fim wuta tana gwada murfinta, Poldi na riƙe da agogo tana ƙirga mata lokaci. Injiniya kuwa ko leƙa ɗakin ba ya yi, wai warin na sa masa ciwon kai. Mira ce ta ce a sa sunansa, don in 'yar fim ta kai takarda ofis dariya za a yi mata.

Na gargaɗe ta cewa in maganar ta je gaban kwamiti, za a ɗauke akwatin da take zuwa gani. Ta ce ta sani. Da safe ta zo gaban kwamiti da takardar kamfanin, da hoton Mira a gaban teburin aikinta ba safa, hannayen duk tabo.

Dokta Nemecek ya cire tabarau ya mayar har sau uku. Aka bar "mai ƙirƙira" a allon. Amma kafin a tashi ya ce a kai siffar ɗakin ajiya, wai gidan tarihi ba wurin hannun mai sayar da taba ba ne. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ban kai ta ɗakin ajiya ba, na naɗe ta a rigar sanyina na hau da ita bene na huɗu, gidan Poldi.

Ta ajiye ta a teburin kicin, ta daɗe tana kallo. Na tambaye ta ko ta ji sanyi a ranta yanzu da gaskiya ta fito. Ta juya wajen hoton Karli a bango, wanda ya bar gida yana shekara ashirin, ya rasu a Kanada bai dawo ba.

"Ban taɓa yi masa wanka ba," in ji ta. "Ya tambaye ni dalili sau ɗaya, na ce ya je ya yi wasa. Har ya mutu yana zaton ƙyamarsa nake yi."